Baba Mutuniyar Karo da Ire-irenta: Matan da Suka Riƙe Gidaje



Duk wadda ta saba sauraren sanarwar rasuwa a gidajen rediyonmu na Kano za ta lura da wani abu guda. Idan namiji ne ya rasu, sai a faɗi sunansa da na mahaifinsa, a faɗi inda ya yi aiki, da muƙamin da ya riƙe, da sarautarsa in yana da ita. Idan kuwa mace ce, musamman tsohuwa ta ƙauye, abin da za a ji shi ne matar marigayi wane ce, mahaifiyar wane ce, ta bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza, cikinsu akwai wane na ma'aikata kaza. Daga nan sai a wuce zuwa sanarwa ta gaba. Shekara sittin ko saba'in da ta yi tana daka da niƙa da raino da jinya sun shige cikin sunayen maza biyu ko uku. Ba ina cewa laifi ne a ambaci mutum da danginsa ba, ai da su ake gane shi. Abin da ke damuna shi ne, idan aka share makoki aka naɗe tabarmi, jikokinta ma ba su san komai game da ita ba in ban da sunan da suke kiran ta da shi, Iya ko Inna ko Hajiya.

Shi ya sa a wannan wata na ga ya dace mu tuna da wata mata ta ƙauye daga nan ƙasar Kano, wadda Allah ya ƙaddara labarinta bai ɓace ba. Ba 'yar sarki ba ce, ba malama ba ce, ba ta yi karatun boko ba, ba ta kuma taɓa riƙe wani muƙami ba. Amma yau a jami'o'in Ingila da Amurka ana karanta rayuwarta, alhali mu da muka fito tsatso ɗaya da ita da yawanmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba.

Wace ce Baba?

An haifi Baba a shekarar 1877 a wani ɗan ƙauye mai suna Karo, kusa da garin Zarewa, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Rogo, can wajen iyakar Kano da Zazzau. A lokacin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne ke kan gado. Danginta asalinsu Barebari ne da suka taso daga Borno suka zauna nan suna noma. Mahaifinta, wanda ake kira Tsoho, manomi ne kuma malamin allo, mahaifiyarta kuwa sunanta Fatsuma.

Ki yi lissafi, uwargida, ki ga abin da idon wannan baiwar Allah ya gani. Tana budurwa aka yi yaƙin basasar Kano na Tukur da Yusufawa, wanda ya tashi a 1893. Tana da shekara 26 Turawa suka ci Kano a 1903. Tana nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka shiga cinikin gyaɗa, tana nan aka yi babbar yunwar 1914. Ta taso a zamanin da ake sayayya da wuri, ta tsufa a zamanin sule da kwabo. Ta ba da labarin yadda mahara, waɗanda ta kira mutanen Mai Sudan, suke faɗa wa ƙauyuka su kwashe mata da yara su sayar, da yadda mutane ke gudu su shige garuruwa masu ganuwa, da yadda aka kama wasu daga cikin danginta har sai da aka tara wuri aka je aka fanso su. Ba ta kuma ɓoye cewa gidansu ma suna da bayi a rinji ba, da yadda da yawa daga cikinsu suka kama gabansu bayan zuwan Turawa.

Yadda aka yi labarin ya tsira kuwa shi ne, a 1949 wani masani ɗan ƙasar Jamaika mai suna M. G. Smith ya zo ƙasar Zazzau yana bincike kan zaman Hausawa da tattalin arzikinsu. Shi namiji ne, ba shi da hanyar shiga cikin gidaje, don haka rabin al'umma a rufe take gare shi. Matarsa Mary ita ce ke shiga wurin mata, ta kuma iya Hausa. A garin Giwa ta haɗu da Baba, wadda a lokacin ta haura saba'in, tsufa ya ba ta 'yancin shiga kowane gida. Jininsu ya haɗu. Tsakanin watan Nuwamba na 1949 da Janairu na 1950, Baba na faɗa Mary na rubutawa da Hausa, daga baya ta juya shi zuwa Turanci. Littafin ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, aka sake buga shi a Amurka a 1981.

Aure huɗu, babu haihuwa

Wata za ta ce, Malama, ina ke ina kawo mana matar da ta yi aure huɗu a matsayin abin tunawa? To ki ɗan yi haƙuri ki ji. Auren farko na zumunci ne, aka ba ta ɗan'uwanta Duma, maƙeri, tana yarinya. Ba shi take so ba, amma ta bi maganar iyaye ta zauna na wasu shekaru kafin auren ya mutu. Sai ta auri Malam Maigari, wanda dama shi ne zaɓinta tun farko, suka daɗe tare. Bayansa ta auri Malam Hasan, manomi kuma mai kula da gidan yari, ta zauna da shi har mutuwa ta raba. A ƙarshe, da girma ya kama ta, ta yi irin auren nan da mace ke zaune a gidanta miji yana zuwa, da wani mai suna Ibrahim.

A duk waɗannan aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Mu mata mun san abin da wannan ke nufi a gidan Bahaushe ko a yau, balle shekara ɗari da suka wuce: habaicin kishiya, kallon dangin miji, da tambayar da ba ta ƙarewa ta "har yanzu shiru?" Mata da yawa wannan jarrabawa takan mayar da su masu ɗacin rai, su ƙi 'ya'yan kowa. Baba ba ta bi wannan hanya ba. Ta karɓi 'ya'yan dangi riƙo, ta raini 'ya'yan miji, ta yi musu hidimar aure, ta goyi 'ya'yansu. Da ta tsufa tana cikin tsofaffin da ake aikawa a kira idan naƙuda ta tashi. Mai karanta labarinta zai ga yawancinsa ba a kan kanta yake ba, a kan wasu ne: wance ta haihu, aka yi suna, aka yaye wane aka kai shi wurin kaka, wance ta yi yaji aka je biko, wane ya rasu aka yi zaman makoki. Ta san dangantakar kowa da kowa har kaka da kakanni, ta san wa ya ba wa gudummawar me a wane biki, domin a wancan zamani biki bashi ne da ake ramawa da ƙari.

Riƙon 'ya'ya a wancan lokaci ba baƙon abu ba ne. Kunyar ɗan fari takan sa uwa ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, don haka da an yaye shi sai kaka ko gwaggo ta ɗauke. Matar da ba ta haihu ba kuma dangi ba sa barin ɗakinta wayam, sai a ba ta yarinya ta riƙe, ta yi mata talla da aike, ita kuma ta tara mata kayan ɗaki. Tsari ne da yake da nasa aibin, domin ba kowace mariƙiya ce ke da tsoron Allah ba, amma ya hana mata irin su Baba tsufa su kaɗai.

Dole in faɗi wani abu a nan, domin kada wata ta samu littafin ta ce ban gaya mata ba. A cikin labarin akwai maganar bori da camfe-camfe da wasu al'adun aure da haihuwa waɗanda ba su da asali a addini. Baba ta faɗe su ne yadda ta gan su a zamaninta, zamanin da 'ya mace a ƙauye ba ta samun karatun da ya wuce na salla. Mu da Allah ya ba mu Islamiyya a kowane lungu ba za mu ɗauki waɗannan ba. Amma kuma ba daidai ba ne mu zauna a kan benci da littafi a hannu muna raina matan da ba su samu abin da muka samu ba, alhali a wajen haƙuri da zumunci da kyauta ko ƙurarsu ba mu hango ba.

Aikin da ba shi da ranar hutu

Yarinyar da ta tashi a Tarauni ko Hausawa ko Darmanawa, wadda in za a yi tuwo sai dai a ba yaro ya kai niƙa inji, ba za ta gane abin da ake nufi da girkin ƙauye ba. Kafin tuwo ya sauka, sai an ɗebo damin gero ko dawa daga rumbu an sussuka, a sheƙe, a surfa a turmi, a wanke a shanya, sannan a durƙusa a kan dutsen niƙa ko a koma turmi a daka, a tankaɗe, a sake dakan tsakin. Kuka da kuɓewa da daddawa da barkono kowanne da nasa dakan. Ga fura da za a kai wa masu aiki a gona kafin rana ta take. Ga ruwa, ga itace ko kara, ga awaki da kaji, ga goyo a baya, sau da yawa ga wani cikin a gaba. In dare ya yi aka samu sararin zama, sai a jawo mazari da auduga a kama kaɗi a hasken fitilar aci-bal-bal, domin da kuɗin zaren nan ake sayen tasoshi da kwanukan 'ya'ya mata. M. G. Smith ya lura cewa bayan an hana bauta kulle ya ƙara yaɗuwa a ƙauyuka, saboda aikin gona a da alama ce ta baiwa, don haka matan da suka samu 'yanci suka janye daga gona suka shige gida. Sai dai shiga gidan bai rage musu aiki ba, ya dai canza masa wuri ne.

A kan duk wannan kuma sai a ɗora jinya. A ƙauye idan tsoho ko tsohuwa suka kwanta, ba a tambayar wa zai duba su, an riga an sani: matar ɗa ce, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko uwargidan da ta daina haihuwa.

Suna nan a bakin titin Zariya

Ba sai kin je Rogo ko Giwa za ki ga ire-iren Baba ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan a maƙwabtanmu a kan titin Zariya, kuma marasa lafiya na zuwa masa daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina, har da Jamhuriyar Nijar. Kusan kowane majinyaci akwai mace a tare da shi. Da sassafe za ki gan su suna tsallaka titi daga cikin Gyadi-Gyadi, fulas ɗin ruwan zafi a hannu ɗaya, kwanon koko ko kunu a ɗayan, tabarma a hammata. Masu dangi a unguwa suna kwana wurin dangi, marasa kowa kuma duk inda dare ya yi musu. Ba su san gari ba, takardar da likita ya rubuta ba sa iya karanta ta, amma sun haddace wane magani ake sha da safe, wanne da dare, ta launinsa da girmansa.

Gwaggona, yayar mahaifina, ɗaya ce daga cikinsu. A wani ƙauye na ƙasar Rano aka aurar da ita tana da shekara goma sha biyar, a can ta ƙare rayuwarta. Ba ta daɗe da tarewa ba uwar mijinta ta samu shanyewar ɓarin jiki. Shekara bakwai tana juya ta a kan gado don kada bayanta ya yi gyambo, tana yi mata wanka da tsarki, tana ba ta kunu da ludayi, tana wanke tsummokaranta da asuba kafin mutanen gida su tashi, don kada kowa ya ga abin da zai zubar wa tsohuwa da mutunci. Tsohuwar kuwa, Allah ya jiƙanta, ciwo ya sa mata faɗa, takan zage ta ranar da abin ya motsa. An ce da aka tambayi Gwaggo yadda take jurewa, sai ta ce ai ba ita ke zagin ba, ciwo ne.

Daga baya kishiyarta ta rasu wurin haihuwa ta bar yara uku da jariri. Gwaggo tana shayar da nata ɗan a lokacin, sai ta haɗa su biyu a ƙirji. Har suka girma baƙo ba ya iya bambance wane ne nata wane ne na marigayiya, in ban da cewa idan nama ya yi kaɗan marayun ake fara ba wa. Ita ta aurar da matan cikinsu da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da na awakin da take kiwo.

Da maigidanta ya kamu da ciwon ƙoda aka ce sai an riƙa yi masa wanki, sai suka sauka a gidanmu a Tarauni na wasu watanni. A nan na san ta sosai. Mace ce gajera mai ƙarfin hannu, tafin hannunta kamar fatar ganga saboda taɓarya. Ba ta iya zama haka kawai. In ta dawo daga asibiti a gajiye, maimakon ta kwanta sai ka gan ta tana tsince shinkafa ko tana gyaran zogale. Tana jin tsoron tsallaka titi, tana kuma mamakin yadda muke sayen ruwa a jarka da itace a ƙulle. Da daddare takan ce in biya mata abin da na koyar a makaranta, a haka ta gyara Fatiharta da tahiyarta tana da shekara sittin da wani abu, tana dariyar kanta in harafi ya ƙi fita. Maigidan ya rasu, ta koma ƙauye ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma. Bayan shekara biyu ta faɗi a bakin murhu. Da aka kai ta asibiti aka ce hawan jini ne da ya daɗe a jikinta. Watannin nan da ta yi tana shiga tana fita a cikin asibiti, tana wuce masu awon jini kullum, ko sau ɗaya ba ta miƙa nata hannun ba, domin a ganinta ba ita ce mara lafiya ba. A sanarwar rasuwarta an ce matar marigayi wane ce.

Abin da yake wajibi da abin da yake kyauta

A ajin matan aure ana yawan yi mini tambaya a kan wannan, kuma na lura da yawanmu mun tashi da fahimtar cewa duk abin da mace ke yi a gidan miji dole ne, in ta gaza ta yi zunubi. Ba haka malamai suka faɗa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a babin ciyarwa na Muhtasar na Shaihu Halil da sharhohinsa, idan miji mai wadata ne kuma matar tana cikin waɗanda a al'ada ake yi wa hidima, to shi zai samar da mai aiki. In ba haka ba, hidimar cikin gida irin su kwaɓa gari da shara da shimfiɗa tana kanta gwargwadon al'adar garin. Amma ba a tilasta mata kaɗi ko saƙa ko wata sana'a don ta samo wa miji kuɗi. Jinyar iyayen miji kuwa, wannan nauyi ne da ke kan 'ya'yansu, maza da mata, domin su aka umarta da kyautata wa iyaye. Idan matar ɗa ta yi, to kyauta ce da sadaka daga gare ta, ladanta yana wurin Allah, godiyarta kuma tana kan miji da 'yan'uwansa.

Wannan ba sabuwar magana ba ce da 'yan boko suka kawo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, a cikin littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna amfani da su kamar kayan aikin gida, suna ta jaddada musu biyayyar miji da girki da wanki ba tare da sun koya musu biyayyar Allah da Manzonsa ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina zuga kowa ta ajiye ludayi ta ce ba dolenta ba ne. Nana Faɗima (R.A), 'yar Manzon Allah (S.A.W), dutsen niƙa ya yi wa hannunta kanta, har ta je neman mai taimako aka koya mata tasbihi da tahmidi da takbiri kafin barci. Asma'u 'yar Abubakar (R.A) tana kula da dokin mijinta Zubairu, tana ɗauko ƙwallayen dabino a ka daga gonarsa mai nisa. Rufaida (R.A) ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Halimatus Sa'adiyya da ta shayar da fiyayyen halitta matar ƙauye ce. Hidima ba ƙasƙanci ba ce. Amma akwai bambanci babba tsakanin matar da ke hidima ta san kyauta take yi, ana kuma ganin kyautar, da wadda aka mayar jakar gida, in ta yi ba godiya, in ta gaji a ce ba ta da tarbiyya.

Akwai kuma wani gefe da ba a cika magana a kai ba, wato ranar da mai jinya za ta buƙaci jinya. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, rabonta a gado tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, in kuma da kishiyoyi su raba shi tare. In bai bar ɗa ba, rubu'i ne. Ɗan riƙo ba ya zama ɗa a shari'a, Suratul Ahzab ta yi umarni a riƙa danganta shi ga ubansa na asali, don haka riƙo shi kaɗai ba ya sa a gaji juna. Wannan hukuncin Allah ne, kuma adalci ne. Sai dai shari'ar da ta faɗi haka ita ce ta buɗe ƙofar kyauta tun mutum yana da rai, ta kuma ba shi damar wasiyya har zuwa sulusin dukiyarsa ga wanda ba magaji ba. Nawa ne cikin waɗanda gwaggo ko matar uba ta raina suka taɓa tunanin mallaka mata ɗaki ɗaya da sunanta? A nan unguwanninmu mun sha ganin an sayar da gida an raba kuɗi, tsohuwar da ta raini masu gadon tana zaune a tsakar gida da ƙullin kayanta tana jiran a ga wanda zai ɗauke ta.

Wadda ta rubuta sunayensu

A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin wata baƙar mata da ke share masallacin Manzon Allah (S.A.W). Ta rasu, sahabbai suka binne ta ba su sanar da shi ba, kamar sun ga al'amarinta bai kai a tashe shi ba. Da ya daina ganin ta sai ya tambaya, aka gaya masa. Ya nuna rashin jin daɗinsa da ba a sanar da shi ba, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Shugaban al'umma ne, da yaƙi da baƙi da shari'a a gabansa, amma ya lura da cewa mai shara ba ta nan.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bi wannan sawu. Ta yi wa manya marsiyya, irin su ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo, amma ba ta tsaya nan ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, wadda aka sani da kirki da haɗa kan dangi. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata masu naƙuda, take wankan gawa, take koyar da waɗanda ba su sani ba. Ta yi wa Hauwa'u, jajiyar da ke jagorantar matan ƙauye 'Yan Taru zuwa wurinta ɗaukar karatu. Ba don alƙalamin Nana ba, da babu wanda zai san an yi waɗannan mata a duniya. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta suka buga a 1997, sunayen suna ciki.

Mu kuwa yau kowace da waya a hannu mai ɗaukar murya. Na ba ɗalibaina aiki a zangon da ya wuce, na ce kowace ta je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a danginsu, ta gaishe ta da ɗan goro ko turare, ta zauna ta tambaye ta: a ina aka haife ki, wa ya raine ki, wa kika raina, wa kika yi jinya, wace shekara ce ta fi miki wuya? Wata ta dawo tana hawaye, ta ce shekara talatin tana kiran matar nan Iya, sai ranar ta san cewa 'ya'ya shida ta binne kafin mahaifinta ya tsaya, kuma ita ta yi jinyar kakansu makaho har ya koma ga Allah. Wata kuma ta ce tsohuwar cewa ta yi, me za a ji a labarina, ni da ban je ko'ina ba? Sai da aka yi kwana uku ana lallashi, da ta fara kuwa har magariba ba ta tsaya ba.

Na kuma roƙe su abu na biyu, wanda nake roƙon masu karatu musamman na Gyadi-Gyadi da kewaye. Idan baƙuwa ta sauka a gidanki ko a maƙwabta don jinya, kada taimakon ya tsaya a kan kwanon abincin majinyaci. Ki karɓe ta na yini ɗaya ta samu ta yi barci. Ki raka ta wurin karɓar magani ki karanta mata takarda. Ki ja ta da kanki a auna jininta da sukarinta, domin ita ba za ta nema ba. In mijinki ne ɗan tsohuwar da ake jinya, ki tuna masa cikin hikima cewa ɗaga uwa da juya ta da kwana a gefenta aikinsa ne kafin ya zama na kowa, kuma tura kuɗi ta waya bai sauke masa shi ba.

Ita dai Baba ba ta ga littafinta ba. Ta rasu a Giwa a watan Yuni na 1951, shekara uku kafin a buga shi, tana da shekara 74 a lissafin Turawa. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Gwaggo da sauran iyayenmu.